Lambun Mata Tara a Dungu

A ƙarshen Dungu, wata unguwa a bakin garin Tamale, inda gidajen bulo suke ƙarewa ciyawa ta fara, akwai wani ɗan dam da aka haƙa tun kafin gari ya iso wurin. A gefensa ne mata tara suka yi lambu. Ba wani babban wuri ba ne, mai sauri zai zagaye shi kafin koko ya huce a kofi. Amma ayoyo, wato lalo, da alayyafo da yakuwa da kuɓewar da ake kasawa a bakin titin unguwar da rani, kusan rabinsu daga nan suke fitowa.

Mulikatu ce babbarsu, ba don an zaɓe ta ba, sai don ita ce ta fara sa fartanya a wurin. Haifaffiyar Tishigu ce. Shekara ashirin ta yi tana sayar da koko a ƙofar gidansu, har hayaƙin murhu ya fara cin idonta, likita ya ce ta bari. Da suka koma Dungu ita da mijinta, wanda yake gyaran babura a cikin gari, zaman gida ya ishe ta. Ta roƙi mai filin ya bar ta ta shuka ɗan ganye, ya ce ta shuka. Sauran matan suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Kowa Mma Mulikatu yake kiranta, har waɗanda suka girme ta.

Mace ce da ba ta iya ganin abu ya tafi a banza. Ɓawon doya, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin shinkafa, tokar murhu, duk tana da rami a lambun da take zuba su, ta rufe da ƙasa, bayan wata biyu su zama baƙin taki mai ƙamshin damina. Maganin ƙwari ba ta saye; ganyen dogonyaro take dakawa ta jiƙa. Ledar ruwan sha da mutane ke jefarwa a hanya, wadda kowa ke ce wa roba, ita tsinta take yi, ta yanke bakinta, ta gasa ƙusa a wuta ta huda mata rami uku a gindi, ta cika da ƙasa ta rainon barkono da tumatir a ciki. In shuka ta isa dashe, sai a yage robar a tara a gindin shinge, a danne da dutse.

A ƙetaren dam ɗin akwai rugar Sulaimanu, wani dattijon Bafulatani mai shanu ashirin da 'yan kai. Matarsa Hairat ce take kai nono da wagashi, wato cuku, cikin gari. Tsakaninsu da matan lambu akwai wata tsohuwar musaya da ba a taɓa zama an tsara ba: matan su je ruga su kwashi kashin shanu iya ƙarfin kansu, su kuma duk karan masara da tsohon ganyen da aka tuge su cilla wa shanu ta bayan shinge. Da wannan kashin lambun yake rayuwa, domin ƙasar wurin tsakuwa ce, ba ta da kitse.

Wata rana Zuhuratu, ɗiyar Ashetu aminiyar Mulikatu a lambun, wadda take gabatar da shirin Hausa na safiyar Asabar a wani gidan rediyo na gari, ta zo ɗaukar ganye ta tarar da Mma Mulikatu tana binne wani tsohon tulu a tsakiyar barkono.

"Mma, wannan kuma na mene ne?"

"Ruwa zan cika masa. Shi zai riƙa tsatsa a hankali, jijiya ta sha. Kwana uku ban sake ɗaukar bokiti a nan ba."

Zuhuratu ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mma, ki zo rediyo ki faɗa wa mutane."

Mulikatu ta ce ita ba ta yi makaranta ba, me za ta faɗa. Amma Asabar ɗin da ta biyo ta ɗaura sabon zani ta je. Da farko a taƙaice take amsawa, sai da Zuhuratu ta tambaye ta ruwan wankin shinkafa, sannan bakinta ya buɗe.

"Kada ki watsa shi a gota," in ji ta. "Barkononki na bayan ɗaki yana jin ƙishirwa. Ruwan alwala ma haka, ki sa kwano ki tara. In za ki kasuwa ki ɗauki kwando, mai tumatir ya zuba miki a ciki, ba sai ya ƙulla miki a roba ba. Wake da shinkafa a ganye uwayenmu suke ƙunsa mana, kuma ya fi daɗi. Shara kuma kada ki ƙona. Hayaƙin roba ciwo ne, ni na san abin da hayaƙi yake yi wa mutum."

Mutane suka so shirin. Daga Sagnarigu ake kira, daga Tishigu ake kira, wani ma ya ce daga bayan gari yake saurare a gona. Mata suna tare ta a kasuwa su ce sun gwada tulun, ya yi. Shekara guda tana zuwa duk Asabar, kuma a ranta ta fara yarda cewa in kowa ya yi ɗan nasa, garin zai gyaru.

A wannan shekarar ne aka gama gina sababbin gidaje a tudun da ke saman lambun. Aka yi musu babbar gota, wato kwata, ta siminti, mai kyau, wadda ta zo ta ƙare daidai bakin kwarin da ke gangarowa dam. Babu wanda ya lura sai ƙarshen watan Agusta, ranar da aka wuni ana ruwa tun hantsi har la'asar.

Washegari da safe Mulikatu ta zo ta tsaya a bakin shinge, ta kasa shiga. Ba a ganin ruwan dam ɗin. Baƙar roba ce da fara ta rufe shi tun daga wannan gaɓa har waccan, da kwalabe, da tsummokara, da ƙunzugun jarirai. Ruwa ya ɓalle shingen gabas ya bi ta kan kunyoyi, ya bar roba a naɗe a wuyan kowace kuɓewa.

Ta tattare zaninta ta shiga. Kwana uku matan suka yi suna tsinta, cikin laka har gwiwa, suka cika buhu goma sha huɗu. A rana ta uku Salimatu, wadda ita ce ƙaramarsu kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta, ta miƙe tana dafe da ƙugu.

"Mma, mu bari ta bushe mu sa mata wuta, mu huta."

"Ni da na hana mutanen gari ƙonawa, ni zan ƙona?"

"To mu ci ta?"

Mulikatu ta aika aka kira Yusif mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ke kwasar kaya. Ya loda buhunan, ya ce zai kai inda ake tara shara. Bayan kwana biyu za ta je suna a Sagnarigu, ta bi ta saman tudu don ta tari mota, sai ga buhunanta goma sha huɗu a jibge a bakin kwarin, ƙasa da gotar kaɗan. Awaki har sun yage biyu.

Ta sami Yusif a inda masu aboboya ke tsayawa. Bai yi musu ba, kuma bai iya kallon idonta ba.

"Mma, na je. Kwantenar ta cika ta zube, mako uku ba a zo an ɗauka ba. Mutanen wurin suka ce in na sauke za su fasa mini taya. Na yi ta yawo da ita har azahar. Ina zan kai?"

Ta fasa faɗan da ta zo yi, ta juya ta koma lambu. Ruwan da aka yi a makon ya maido da rabin kayan cikin dam. Suka sake tsinta. Ruwa ya sake kawowa. Kafin damina ta ɗauke, matan sun daina shiga ruwan, iyakarsu su ture robar gefe da bakin bokiti su ɗiba.

Cikin watan Nuwamba, da ciyawa ta fara bushewa, Hairat ta biyo ta lambun da ƙwaryar nono a kai, ta tsaya a bakin shinge ba ta sauke ba.

"Mma Mulikatu, jar saniyarmu ba lafiya. Wadda take ba mu nono fiye da kowace. Ba ta cin kirki, cikinta ya yi tauri kamar dutse, ita kuma sai ramewa take yi."

"Kun kira likita?"

"Ya zo jiya. Ya danna cikin, ya ce roba ce. In sun zo shan ruwa suna lasar wadda ke da gishirin abinci, su haɗiye. Ya ce babu maganin da ke narkar da ita."

Kwana huɗu bayan nan saniyar ta kwanta ta kasa tashi. Sulaimanu ya aika aka kira Awudu mahauci tun kafin ta mutu a yi asarar naman. Mulikatu ta bar ban-ruwa ta zagaya ta bakin dam ta je yi musu jaje. Ta isa an riga an feɗe. Awudu ya tsaga tumbin, ya sa hannu biyu yana ja, abin ya ƙi fitowa sai da Sulaimanu ya kama masa. Suka ajiye shi a ƙasa: dunƙule guda, girman tulu, roba ta murɗe da roba ta zama kamar igiya, da wari mai hawa kai.

"Wannan ce ta uku da na gani a wannan watan," in ji Awudu, yana goge wuƙarsa. "Amma ban ga mai girman wannan ba."

Mulikatu ta matsa kusa. Galibi baƙar roba ce ta kasuwa. Amma a gefe ɗaya wata fara ta leƙo, an yanke bakinta daidai, ta sa tsinke ta jawo ta. A gindinta akwai rami uku, gefensu ya ƙone ya dunƙule, irin na ƙusa mai zafi. Ta tona ta ga wata. Ta ga ta uku.

Ta tuna tarin da ke gindin shingen gabas, wanda ruwa ya tafi da shi. Ta tuna kuma sau nawa aka kwashi tsohon ganye da gaggawa aka cilla wa shanu ba tare da an duba abin da ke ciki ba. Babu wanda ya lura da abin da ta gani. Da ta ga dama sai ta yar da tsinken ta yi jajenta ta koma. Ta ɗaga robar ta nufi inda dattijon yake tsaye.

"Baba Sulaimanu, wannan tawa ce. Ni na huda ta da hannuna. Daga lambunmu ta fito."

Ya karɓa ya juya ta, ya daɗe yana kallon ramukan. Sannan ya sake ta ta faɗi a kan sauran.

"Mma, dubi yawansu. Naki uku ne ko huɗu. In na ce sai na nemi mai kowace ɗaya, sai in bi Tamale gida gida, har da nawa, domin Hairat ma a roba take ƙulla wa mutane wagashi. In ba ta ƙulla ba, ba sa saye."

"Duk da haka, ka yafe mini."

"Na yafe. Allah ya riga ya ƙaddara kwananta." Ya juya ya dubi garken. "Amma ga waɗancan biyun, kin gansu? Haka ita ma ta fara. Ƙanena yana can hanyar Salaga, ya ce akwai ruwa mai tsabta da ciyawa. Ba zan tsaya ina kallo su ƙare ɗaya bayan ɗaya ba."

"Yaushe?"

"Bayan Juma'a."

Ta so ta ce masa ya dakata, za su gyara dam ɗin, za su sa raga a bakin kwarin, za su je su ga manya. Amma sun riga sun je. An karɓe su da mutunci, an ba su kujera, an ce ana sane da matsalar, ba Dungu kaɗai ba ce. Sai kawai ta ce Allah ya sa a tashi lafiya. Hairat ta biyo ta da ƙunshin nama, ta ce na lambu ne, a raba. Mulikatu ta kai ta raba wa matan, nata kason ta ba maƙwabta.

Ranar Asabar da hantsi tana zaune a gaban makirufo, a daidai lokacin da ta san garken yana kan hanya. Zuhuratu ta buɗe layi. Wata mata ta kira, ta gaishe ta da ladabi.

"Mma Mulikatu, na bi maganarki, na daina ƙona shara. Ɓawo ina zubawa a rami. Amma robar na tara buhu uku a bayan ɗaki, maigida ya fara faɗa. Yanzu me zan yi da ita?"

Mulikatu ta dubi makirufon. Zuhuratu ta ɗaga mata gira alamar ta yi magana.

"'Yar'uwa, ban sani ba."

Ta matsa kusa da makirufon ta ci gaba.

"In kin ƙona, ki shaƙa. In kin binne, tana nan har jikokinki. In kin ba mai aboboya, ruwa ya kawo mini ita lambu. Ban san inda ake kai ta ba. Abu ɗaya zan ce: wadda duk na koya wa rainon barkono a robar ruwa, ta daina. Ki nemi fasasshiyar ƙwarya, ko ki yi a ƙasa. Na koya muku abin da ban ga ƙarshensa ba."

Zuhuratu ta yi sauri ta sa kiɗa. Da suka fito ta riƙe hannunta a bakin ƙofa.

"Mma, kin gaji ne. Ki huta mako ɗaya ki dawo."

"'Yata, abin da na sani na ɓawon doya ne da toka. Na faɗe shi duka. Abin da ake tambayata yanzu ya fi ƙarfin bakina."

Ba ta koma ba.

Dam ɗin da yake kai su har watan Maris, a bana tsakiyar Janairu ya ƙafe, domin laka da shara sun cinye zurfinsa. Da ruwan ya janye sai gindin ya fito, roba shimfiɗe a kan roba, ta manne da busasshiyar laka. Kashin shanun da suka tara kafin tashin ruga ya ƙare a shuka ta farko. Takin ɓawo yana da kyau, amma na gida tara bai isa kunya arba'in ba. Alayyafo ya fito siriri, ya yi ja tun bai kai tafin hannu ba.

Salimatu ce ta fara tafiya, ta koma gasa doya a bakin titi. Ba ta yi sallama da faɗa ba, ta zo har gida ta ce, "Mma, yara za su ci abinci." Mulikatu ta ce gaskiya ne. Wasu biyu suka bi ta, sannan wasu uku. Aka bar Mulikatu da Ashetu da wata tsohuwa Kausara, wadda ta ce ita ko ba a shuka komai za ta riƙa zuwa, don gida ba mai yi mata magana. Su ukun suka tattara ƙarfinsu a kan kunya huɗu, suna ɗauko ruwan wanke-wanke daga gida a jarka. A lissafin Mulikatu, in zafin Maris ya shigo, huɗun ma ba za su kai ba.

Wata ranar Talata da hantsi suna zaune a inuwar dogonyaro sai ga wata mata a kan babur, da bokiti ɗaure a baya. Ta kashe, ta sauko, ta yi sallama. Ta ce sunanta Rahimatu, malamar makaranta ce daga Sagnarigu, ta sha tambaya kafin ta gano wurin.

"Mma, ni ban taɓa kira a rediyo ba, amma ban taɓa fashin saurare ba. Na yi ramin taki kamar yadda kika ce. Na kawo ki duba mini ko ya nuna. Kuma ina so in ga lambun da idona, in nuna wa ɗalibaina hoto."

Ta faɗi haka ne kafin ta waiga. Da ta waiga ta ga kunyoyin da suka bushe, da shingen da ya kwanta, da farin gindin dam yana ƙyalli a rana, sai ta mayar da wayarta cikin jaka a hankali.

Mulikatu ta jawo bokitin. Ta tura hannu har wuyan hannu, ta damƙo, ta murza a tafinta, ta kai hanci. Baƙi ne, mai laushi, da sanyi a cikinsa.

"Ya nuna," in ji ta. "Hannunki yana da kyau. Ki rage ruwa kaɗan a na gaba."

"Mma, me ya faru a nan?"

Ashetu ta fara ba ta labari, tun daga gotar. Mulikatu ta bar su ta shiga 'yar rumfar da suke ajiye kayan aiki, ta fito da kwalabe uku na irin da ta adana: ayoyo, yakuwa, da wata gajeriyar kuɓewa da ta samo a wurin kakarta. Ta zuba wa malamar rabin kowanne a takarda, ta naɗe.

"Kuɓewar nan kwana arba'in take yi ta fara 'ya'ya. Kada ki shuka duka, ki bar na baɗi."

"Ku fa, Mma? Da damina za ku sake?"

Mulikatu ta dubi tudun. An fara aza harsashin wasu gidajen a sama da na bara, tipa tana juye yashi.

"Mai filin ya ce mu ci gaba har ranar da zai buƙace shi," ta ce. "Ruwan kuma ba a hannunmu yake ba."

Rahimatu ta ce a bar takin a nan, ta juye shi a gindin kunya ta farko, ta ɗaure bokitinta ta tafi. Su ukun suka raba shi da hannu a kan kunyoyi huɗun, bai kai ko'ina ba. Rana ta take, Kausara ta ce gwiwarta ta fara ciwo, suka ɗauki jarkokinsu suka kama hanyar gida.